Tagar Ɗakin Mama

Launceston, 3 ga Fabrairu

Ƙanena Graeme,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, da Noelene da yara, da fatan zafin Perth bai taɓa maka tunani fiye da yadda na gani ba.

Mutumin da ka aiko ya auna tagogi don a sa na alminiyom ya zo. Na ba shi shayi, na raka shi ƙofa.

Ka ce ɗakin Mama ya zama tanda, ko a canza tagogi ko a kai ta gidan tsofaffi mai na'urar sanyi. Bari in tuna maka yadda tagar gidan ubanka take aiki. Murfi biyu ne na katako, na sama da na ƙasa, ana tura su sama ko ƙasa, kowanne rataye da igiya, ƙarfe mai nauyi na jan sa daga cikin bango. Da Kirsimeti ka shafe ta da fenti, har igiyar da tsagin da murafen ke bi. Igiya ta sandare ta tsinke, murafe suka manne. Taga ba ta tsufa ba, taimakonka ne ya same ta.

Tun da ƙafa ta hana Mama fita, ta wannan tagar take jin labarin unguwa daga maƙwabciyarmu Beryl. Yanzu sai dai su yi wa juna hannu ta gilashi kamar fursuna da mai ziyara. Da na karanta mata saƙonka cewa ta yi, "Gaya wa yaron nan a ɗakin nan na haife shi, bai yi ƙorafin zafi ba."

Ni zan gyara.

Yayarka,
Desley

Launceston, 19 ga Fabrairu

Graeme,

Ina gaishe ku duka. Mama lafiya, har da ƙarin baki.

Na yanke fentinka da wuƙa, na buɗe 'yar ƙofar da ke gefen katakon tagar, na zaro ƙarafan huɗu, biyu na kowane murfi. Na sa sabuwar igiyar auduga, na goga kakin kyandir a hanyar murafen. Abin da babu wanda ya gaya mini shi ne ƙarafan sama sun fi nauyi. Na musanya su ban sani ba. Yanzu da an zare sakata sai murfin ƙasa ya hau da kansa, na sama ya sauko kaɗan.

Mama ta ce, "Digiri biyu, kin haɗa tagar da ba ta jiran umarni." Na ce zan sake. Ta ce in na taɓa sai ta saɓa mini. Yatsunta sun daɗe ba sa iya ɗaga komai, ga shi yau da yatsa ɗaya tana buɗe tagarta ba ta kira kowa ba. Iska na shiga ta ƙasa, zafi na fita ta sama.

Jiya matar gidan tsofaffin da ka yi wa waya ta zo duba ko Mama na iya wa kanta wani abu. Mama ta saurare ta da ladabi. Da ta fita, Mama ta zare sakata, ta leƙa ta ce, "'Yata, ki ja mana ƙyauren, ki ba wata gadon."

Na san me za ka ce: sanyin hunturunmu na Yuni na tafe, kuma tsohon katako ba ya hana iska sarai. Gaskiyarka. Na sayo barguna. A gidanmu za mu ji sanyin.

Ka gaida Noelene.

Yayarka,
Desley