Malam Sabo Bai San Ka Ba

Zuwa ga Alhaji Lawal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan jiki ya yi sauƙi, ɗanka likita da ke nan London ya kawo mini saƙonka. Ya ce kana kwance a Kaduna kana neman yafiyar jama'a, har ka tuna da ni. Sau biyu na sa ya maimaita kalmominka: “Ka ce wa Malam Sabo ya yafe mini.”

Wane ne kuma Malam Sabo?

Lokacin da kuɗin man fetur ya kawo ka nan karatu, shekara uku muka yi tare a gidana na unguwar Thamesmead. Kai ka raɗa mini Sabuwa. Da ka rufe ƙofa sai “ke”: ke kin dawo, ke miyar nan ta yi gishiri. Tun ina yaro a Zariya ake zagina da kalmar nan, a bakinka na fara jin daɗinta. A bas kuwa sai ka koma Turanci, tunda Bature bai raba ke da kai ba. Na gane wayon, na yi maka uzuri.

Ka tuna Sallar da abokanka na ofishin jakadanci suka zo cin tuwo? Bakinka ya suɓuce, ka ce, “Ke, kawo ruwa.” Abokanka suka juyo suna kallonka. Sai ka fashe da dariya, ka karya hannu kana kwaikwayon tafiyata, ka ce ai ɗan daudu ka ɗauka yana maka girki. Suka yi dariya har wani ya ƙware. A gidana, Lawal, da tuwona a bakinsu. Na kuwa kawo ruwan.

Ka koma gida ka zama babban mutum, ni na tsufa a nan ina girki a asibiti. Ban taɓa tona ka ba. Yanzu ma kwantar da hankalinka, Lawal da yawa a Kaduna.

Amma matsoraci ba ya samun yafiyata ta bakin ɗan aike. Malam Sabo ba ka yi masa komai ba, bai ma san ka ba. Wadda ka wulaƙanta tana nan, har yau tana rage gishiri a miya saboda kai, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Lambata na wurin ɗanka. Ka sallami kowa daga ɗakin in kana so, ka kira, ka ce “ki yafe mini.”

Allah ya ba ka lafiya, ya ara maka kwana har ka iya faɗa.

Taka,
Sabuwa