Tabarmar Hajjo a Filin Ridina

Cikin alhini da miƙa lamari ga Allah, Ƙungiyar Ƙwallon Kwando ta 'Yan Matan Ridina ta samu labarin rasuwar uwarmu kuma uwar ƙungiya, Hajiya Halimatu Sa'adiya Alamin, wadda kowa ke kira Hajjo, mai ɗakin Alhaji Zulkiflu Idris na kasuwar Dembé, bayan 'yar gajeriyar jinya.

Hajiya ba ta taɓa jefa ƙwallo a kwando ba, amma ba don ita ba da babu ɗayarmu da za ta jefa. A da, filin unguwa na samari ne da la'asar, 'yan mata kuwa sai tsakar rana, lokacin da siminti ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Hajiya ba ta yi faɗa da kowa ba. Tabarma ta ɗauko ta shimfiɗa a tsakiyar fili da la'asar, ta zauna tana jan carbi, kuma babu ɗan da zai buga ƙwallo a kan uwa. Haka ta yi ta yi har aka raba la'asar, yau namu gobe nasu. Ita ce kuma ta ɗinka mana dogayen riguna da hijabin wasa, ta bi gida-gida tana nuna wa iyaye maza har suka yarda.

Ni mai wannan sanarwa ban daɗe da zuwa N'Djamena daga Damagaram ba, ko Larabcin garin ban gama ji ba. A kasuwa ta gan ni, ta ce wannan tsawon nawa ba na ɗaukar tiren talla ba ne kawai, ta kawo ni fili. Yau ga mu da kofin unguwanni, ga 'yan wasanmu Sakinatu da Fadila an kira su gwajin babbar ƙungiya.

Da ta rasu sai muka ji ana cewa tunda babu mai tabarma, la'asar za ta koma hannun maza, mu kuwa ba mu san ƙofar da za mu buga ba. To, ranar sadakar uku, iyayenmu mata suka taso daga gidan makoki kai tsaye zuwa fili, kowacce da tabarmarta, har siminti ya ɓace. Shugaban samari, Malam Salmanu Dawuda, wanda a da ya fi kowa ƙorafi, shi ya fara tattara 'yan wasansa suka koma gefe, ya kuma yi alkawari a gaban jama'a cewa rabon la'asar da Hajjo ta yi ba zai tashi ba.

Muna miƙa ta'aziyya ga Alhaji Zulkiflu, da 'ya'ya da jikoki, da dukkan Hausawan N'Djamena. Allah Ya jiƙanta, Ya sa Aljanna makomarta, Ya ba iyali haƙurin jure wannan rashi.

'Yan wasa su sani gobe ranarmu ce. A zo da la'asar. Iyalinta sun ba mu tabarmar, kuma wurinta yanzu bakin fili ne, don tsakiyar ta zama tamu.

Sa hannu:
Hidaya Uzairu
Kakakin Ƙungiyar Ƙwallon Kwando ta 'Yan Matan Ridina