Barkar da Na Yi Babu Ciki

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni dai da sauƙi. Ƙafar ce har yanzu, daga gado zuwa kujerar bakin taga sai na huta sau biyu. Na zaɓi rubutu ne don a waya rabin maganarki nake ji, kuma wannan ba zancen da za a yi da ɗaga murya ba ne.

Na yi ɓarna, Auta, kuma da bakina na yi ta. Kin san 'yar marigayi yayanki, wadda nake tsokana da Uwargida. Shekara biyu ke nan da aurenta, kullum da rana sai ta zo ta dafa mini, ta share ɗaki, ta ce in ban rage mita ba za ta nemi takardarta ta bar ni da sandata. A nan take azahar da la'asar, a bayan ƙofa. Ni da ba ni da aiki sai kallo, sai na lura wata huɗu cur ba ta yi fashin sallah ba. Da haka na gane cikinki a wurin mahaifiyarki, Allah Ya jiƙanta, don haka na yanke hukunci ni kaɗai. Ranar da mijinta tela ya kawo mini rigar da ya rage wa faɗi, mahaifiyarsa ta biyo shi duba ni, na kama hannunsa a gabanta na yi masa barka. Kafin yamma labari ya zaga danginsu.

Babu ciki. Ita aka sa ta faɗa da bakinta a gaban surukarta. Washegari ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ko mayafi ba ta cire ba. Ta ce tun tana budurwa haka al'adarta take, sai ta yi wata uku ko huɗu ba ta gani ba, kuma sau uku tana gwajin ciki a ɓoye tana jefar da abin gwajin. Ta ce da uwarta na raye da tuni ta gaya mata, amma ni namiji, kuma kakanta, ta ina za ta fara? Ta ce ashe har sallar da take yi ƙirga mata ake yi. Daga nan ta juya ta tafi. Yau kwana goma sha ɗaya ban sa ta a ido ba.

Maƙwabciyata, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ita ke miƙo mini abincin da Uwargida take aikowa. Ta ce yanzu kowa a gidan telan ya zama likita, wannan ta kawo jiƙo, waccan ta kawo saiwa, yarinya na sha tana rama. Ta ce irin wannan ba ya nufin mace ba za ta haihu ba, amma sai likitan mata ya duba, a auna jini, a ɗauki hoto, shi ma mijin a duba shi. Telan mutumin kirki ne, sai dai ba ya iya ɗaga ido a gaban uwarsa.

Ki zo, Auta, ko na mako ɗaya ne. Ke gwaggonta ce, ke za ki iya shiga gidan ki ce a dakata da jiƙe-jiƙen nan, ki riƙe hannunta zuwa asibiti. Ni ko ƙafa na da kyau, ba ni ya kamata in zauna kusa da ita a gaban likita ba. In kin zo ki fara sauka a wurinta, ni zan jira. Kada kuma ki yi mata faɗa don ta ƙaurace mini, tana da gaskiya. Abinci yana zuwa a kan lokaci, da zafinsa. Cinsa ni kaɗai ne ban saba ba tukuna.

Ki gaida maigidanki, da Babba, da tagwaye, da ƙanwar mijinki mai dariyar nan. Bari in ajiye alƙalami.

Naki,
Baba.