Jinin Baba Ba Ya Tsayawa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, ya aiki? Tunda waya ba ta shiga can wurin gadar da kuke ginawa, na ba direban kamfaninku wannan takarda.

Yau sati uku da sallamo Baba daga asibiti. Ɗan bututun ƙarfen da aka saka masa a jijiyar zuciya ya zauna, ciwon ƙirjin ya tafi. An ba shi ƙwayoyi biyu na tsinka jini, likita ta ce shekara guda cur zai sha, ko kwana ɗaya kada ya tsallake, in ba haka ba jini zai daskare a bututun.

Ka san Baba da taurin kai, har ya koma shagon kafinta. Shekaranjiya ɗan tsinken katako ya soke shi a yatsa, sai da hankici biyu suka jiƙe. Buroshin haƙoransa kullum ja. Hannayensa duk tabo kamar wanda aka yi wa dukan tsiya, shi kuwa dariya yake, wai jininsa ya koma ruwan famfo. Abin da ya tsinka min zuciya, jiya da nake wanke bayi na ga abin da ya fita daga cikinsa baƙi ƙirin kamar kwalta. Da na tambaye shi, cewa ya yi ba a yi wa uba irin wannan tambaya.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Bayan gaisuwa, takardarki ta iso. Kin cika firgita tun kina ƙarama. Wanda aka taɓa wa zuciya dole jikinsa ya ɗan canza. Ki hana shi shago kawai.

Hutu ba zai samu ba sai mun gama zuba kankare. Ga ƙarin maganin ciwon gwiwa nan, irin wanda na aiko masa wancan watan. Ya ce yana jin daɗinsa, mu ma nan shi muke sha. Ki miƙa masa.

Ki gaida shi da kyau.
Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Daga asibiti nake rubuto maka, a kan benci.

Ranar Litinin da rana tsaka mai walda na kusa da shagon ya zo makarantarmu ya fito da ni daga aji. Ya ce ya ji shiru babu ƙarar guduma, ya leƙa, ya tarar da Baba a ƙasa ya yi aman jini a cikin garin katako. Da muka kawo shi nan, jini leda uku aka ƙara masa. Sun zura na'ura ta maƙogwaronsa, suka ga gyambo a cikinsa yana tsiyaya, suka toshe.

Likita ta tambaye shi ko akwai wani magani da yake sha bayan nata. Ya juya fuska bango. Sai na tuna saƙonka, na fito da shi daga jaka, don ban kai ga ba shi ba. Ta daɗe tana kallon kwalin. Ta ce irin wannan in ya haɗu da na tsinka jini, ciki yake ci. Na farkon da ka aiko, a gwangwanin ƙusoshi na same shi, saura ƙwaya biyu.

Da ta fita Baba ya riƙo hannuna ya ce, "Kada ki gaya wa yayanki." Na gaya maka ne don kada ka sake aikowa.

Yanzu sun dakatar da ƙwaya ɗaya daga cikin na tsinka jinin. In an daɗe ba a mayar ba, bututun zai iya toshewa. In an mayar, jinin zai iya dawowa. Ranar Alhamis za su mayar.

Auta

Ɗana,

Ina gaishe ka. Ka yi haƙuri da rubutun.

Auta ta ce tun da ta rubuta maka ba ka amsa ba. Kai alheri ka nufa, ni na sha ban tambaya ba. Ka bar zancen.

Ina gida. Kwana shida ke nan da mayar da maganin, ban ga jini ba tukuna. Kowace safiya ƙanwarka na tsaye a ƙofar bayi sai na faɗa mata abin da na gani. Saura wata goma da 'yan kwanaki.

In ka samu hutu ka zo. In ba ka samu ba, ka zo.

Mahaifinka