Uwar ango ta ƙi hawa dandamali, amarya ta ƙi zuwa Kaduna

Malama Sa'adatu, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, domin duk wanda zan kai wa maganar nan a gida ya riga ya ɗauki ɓangare.

Ni malamar firamare ce da ta yi ritaya, ina zaune a Unguwar Rimi, maigidana ya rasu. Babban yaron gidan, wanda ba zan rubuta sunansa ba don shi ne na fari, ya je karatu Malesiya, ya samu aiki, ya kuma samu mata 'yar can, Musulma, 'yar mutunci. Ban hana ba. Tsarinmu shi ne ƙanwata Atika ta je ta tsaya a matsayin uwa, tunda ita ke yi masa komai tun yana ƙarami, ni kuma in jira walimar da za mu yi a nan bayan Babbar Sallah. Shi ya nace a nema mana biza mu biyu. Tawa ta fito, tata ta ƙi. Haka na kama hanya da ƙanin maigidana, Alhaji Tanko, mutumin da in ya samu kujera sai barci.

Tun a hanya abin ya fara. A inda muka sauya jirgi akwatina ya yi nasa wuri, da leshin da telana na unguwar Abakpa ya ɗinka mini, da turamen atamfa da humra da turaren wuta na amarya. Jakar da ta iso ta kilishi da daddawa ce, ita ma ma'aikatan filin jirgi suka buɗe, suka toshe hanci, suka riƙe. Na shiga gidan surukai hannu rabbana, cikin atamfar da na yi tafiya da ita. Uwar amarya ta kawo mini kayansu in sa, na yi godiya na ajiye. Ina ni ina sa tufafin surukai ranar da muka fara haɗuwa?

An ɗaura aure lafiya. A wajen liyafa suka zaunar da ango da amarya a kan dandamali, ana kiran manya ɗaya bayan ɗaya su hau su yayyafa musu ruwan ƙamshi a hannu, su sa albarka. Sai ji na yi an kira uwar ango a lasifika. Malama, ni da ban taɓa kiran sunan yaron nan ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi a gaban mutane ba, ni zan hau in kama hannunsa ana ɗaukar hoto? Na ja mayafi na sunkuyar da kai. Aka sake kira. Na zunguri Alhaji Tanko, ya farka ya hau. Wajen cin abinci kuma suka haɗa ni teburi ɗaya da iyayen amarya, ruwa kawai na kurɓa. Da yarinyar ta zo ta rusuna za ta sumbaci hannuna, na mayar da shi cikin mayafi, don ban san abin da take nufi ba.

Ni dai a ganina na fita kunya. Na dawo, akwatin ma ya biyo ni daga baya. Sai yaron ya kira Atika, ba ni ba, ya ce amarya ta sha kuka, danginta sun ce ban karɓe ta ba: na zo ba kyauta, na ƙi kayansu, na ƙi abincinsu, na ƙi sa albarka. Amaryar ta ce ba za ta zo walima gidan da ba a son ta ba, shi kuma ya ce ba zai baro ta ba. Atika ta ce in ba da haƙuri. Alhaji Tanko ya ce uwa ba ta ba suruka haƙuri. Ni ban ga laifina ba, amma ina tsoron kada yaron ya saba da rashin zuwa gida. Yarinyar kuwa, wallahi, ta kwanta mini. Yaya zan yi?

Uwar Ango, Unguwar Rimi

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya sanya alheri.

Ba ki yi laifi ba, kin yi abin da aka tarbiyyantar da ke a kai. Da a Kaduna ne, mata yaba miki za su yi. Amma ki tsaya a wurin yarinyar. An kira uwar mijinta sau biyu a gaban danginta kaf, ba ta tashi ba. Ta miƙa hannu, an janye. A wurinsu wannan ƙi ne, kuma ba wanda ya ce mata a wurinmu kunya ce. Kukanta yana da dalili.

Wanda ya yi sakaci ɗanki ne. Shi kaɗai ya san gidajen biyu. Ya kamata ya faɗa miki za a kira ki, ya kuma faɗa musu me ya sa ba za ki hau ba. Ki sa Atika ta gaya masa haka ba tare da faɗa ba, ya je ya yi wa surukansa bayani da bakinsa.

Sauran aikin naki ne, kada ki aika kowa. Ki kira yarinyar ta bidiyo, ki ga fuskarta ta ga taki. Turancin da kika koyar da shi a aji ya ishe ki. Ki kira sunanta, ki ce mata abin da kika ce mini, cewa ta kwanta miki. Ki buɗe akwatin ki nuna mata kayanta, ki ce suna jiran ta. Ki sa mata albarka a nan take. Kunyar ɗan fari tsakaninki da ɗanki take, babu al'adar da ta hana ki nuna wa surukarki so. In kalmar haƙuri ta fito a cikin hirar, ki bar ta ta fito, ba ta rage wa uwa girma, komai Alhaji Tanko zai ce. Bayan ita, ki gaisa da mahaifiyarta, ki yi godiyar kayan da ta ba ki.

Kada kuma ki sa walima ta zama sharaɗi. In ba su shirya zuwa bayan Sallah ba, a ɗaga, shinkafa ba ta gudu. Abin da ba na so shi ne ki zauna jiran su fara kira. Ita tana ƙasarsu, cikin danginta, in ba ta zo ba babu abin da ta rasa. Ke ce kike da ɗa a can.

Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya kawo su gida lafiya.

Malama Sa'adatu