Kaset Marar Suna daga Lahore

Lahore, farkon Oktoba

Tanwir Bhai,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Rukhsana Bhabhi da yara, kuma zafin Karachi bai gama narkar da kai ba.

Kaset ɗin da ka aiko ya iso. Na kunna shi a kantin maganina bayan azahar, sai wata tsohuwa da ta zo sayen maganin tari ta tambaye ni ko rasuwa aka yi mana. Mai gogen sarangin gwani ne, wannan kam na yarda. Amma mai kaɗa gangar tabla gaggawa yake yi kamar ya baro tukunya a wuta. Na ce 'yan Delhi ne, kuma ɗaukar ta girmi aurena. In na canka daidai ka faɗa, kada ka yi shiru irin na bara.

Ga nawa nan a cikin ambulan. Kamar yadda muka saba, ba sunan mawaƙi a jiki, ba shekara. Todi ce, waƙar hantsi, don haka ka ji ta a lokacinta, ba a motar ofis ba. Wannan karon ina roƙonka ka saurara a natse kafin ka rubuto. Na san alƙalaminka ya fi kunnenka sauri.

Ka gaida mutanen gida. Allah ya kiyaye.

Abokinka,
Irshad

*

Karachi, tsakiyar Oktoba

Irshad mutumina,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, kuma ka canka daidai, 'yan Delhi ne. Kada kanka ya kumbura, sa'a ce kawai.

Yanzu faɗa mini, a wace bola ka tsinto wannan? Ranar Juma'a na kori yara waje, na zuba shayi, na zauna kamar mai jiran babban baƙo. Sai ga wani tsoho yana haki. Numfashinsa ba ya kai shi ƙarshen layi. Da ya yunƙura zai hau sama sai muryar ta tsage, ya dawo ƙasa yana lalube. Wallahi har mai riƙe masa tanpura, molon nan da ke raka murya, sai da na tausaya wa.

Ba na musun ya taɓa zama kusa da masu sani. Akwai wata lanƙwasa da yake yi kafin ya sauka, irin ta gidan waƙarmu ce sak. Amma sata ce, ya ji a wani wuri ya kwaikwaya. Rukhsana ta leƙo daga kicin ta ce, "Wai wane ne ba shi da lafiya?" Na ce mata, "Waƙar ce."

In yana da 'ya'ya, su ji tsoron Allah su ɗauke masa tanpura su miƙa masa carbi.

Da na ce ka kai wa malamina Ustad Basharat Khan ya ji yadda ake wulaƙanta Todi. Ga hannuna a kunne don girmamawa ina rubuta sunansa. Amma kada ka kai, takalmi zai jefe ka da shi. Ni da na zauna a gabansa shekara da shekaru, da zaren ɗalibta da ya ɗaura mini a wuyan hannu, ba za a ruɗe ni da irin wannan ba. In ka bi ta unguwarsu ka gaishe shi, ka ce ina nan tafe, aiki ne ya riƙe ni.

Ka aiko da abin kirki nan gaba. Sai na ji daga gare ka.

Naka,
Tanwir

*

Lahore, ƙarshen Oktoba

Tanwir Bhai,

Assalamu alaikum. Gaisuwata za ta gajarta yau, ka yi haƙuri. Ka nemi wuri ka zauna.

Muryar da ke cikin kaset ɗin ta Khan Sahib ce. Malaminka.

Tun bara ƙirjinsa ke damunsa, ni nake kai masa magani. Ya hana a gaya maka. Ka san taron tunawa da malaminsa yana nan cikin Disamba, kuma tun kafin a haife mu shi ke rufe taron. Bana yana shakkar kansa. In ya rera a gida kowa sai "wah, wah, Khan Sahib", har mai kawo madara. Ya san wasan da muke yi da kai, sai ya ce in zo da rakodata. Da ya gama ya ce, "Aika wa wancan mai bakin. Kada ka sa suna." Ya kuma sa na rantse zan kawo amsarka ban buɗe ba. Na ɗauka daga layin farko za ka gane shi. Wa zai ce ba za ka gane ba?

Idonsa ba ya ganin rubutu yanzu, don haka ni na karanta masa. 'Yarsa Nighat tana tsaye da tiren shayi. Da na zo wurin haki sai na tsaya.

Ya ce, "Ci gaba."

Na ce, "Khan Sahib, rubutun ba ya fita."

Ya ce, "Kai da ke karanta jagwalgwalon likitoci? Ci gaba, ɗana, kada ka tsallake ko ɗigo."

Na ci gaba, gumi na bin bayana. Da na karanta zancen sata sai ya yi dariya har ta zama tari, ya ce, "To, a wurin wa na sato?" Da na zo kan carbi ba wanda ya yi dariya. Nighat ta ajiye tire ta fita. Da na kai inda ka ce hannunka na kunne, sai ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya yi ta juya akwatin paan ɗinsa, ganyen nan da yake taunawa. Daga nan ya kira Nighat ya ce ta mayar da tanpura cikin rigarta.

Tun ranar bai sake rerawa ba. Ni ma kunya ta hana ni shiga, a ƙofa nake miƙa magani in juya. Da bakina na faɗa masa waɗannan maganganu, Tanwir. Da na sani da na karya rantsuwar na yi kaffara.

Ban san me zan ce ka yi ba. Amma kada ka yi shiru.

Irshad

*

Karachi, Nuwamba

Zuwa ga malamina kuma ubana, Ustad Basharat Khan Sahib,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina durƙushe a gabanka, ina taɓa ƙafafunka. Nighat Baji, ke za ki karanta wannan, ki yafe mini na sa ki.

Tun da wasiƙar Irshad ta zo abinci ba ya wuce mini. Na sake kunna kaset ɗin. Tun daga gyaran murya, kafin ka fara, na gane ka. Haka kake yi a kowace safiya in muna jiran darasi. Ban san abin da ya toshe mini kunne ranar ba. Ko kuwa na sani: ban zauna don in ji ba, na zauna ne ina neman maganar da za ta ba Irshad dariya.

Khan Sahib, rakodar Irshad tsohuwa ce, tana jan kaset, tana cinye numfashin mutum. Ɗakin ma ba na ɗauka ba ne. Kada ka dogara da abin da jahili ya ji ta bakin lalataccen inji. Ka rera a taron kamar kowace shekara, ina roƙonka don Allah.

Wanda ya yi maka hukunci ma wane ne? Tun da na kama aiki a tashar jiragen ruwa ban zauna na yi atisayen safe ko na mako guda ba. Tanpurata tana kan kabad, tsirkiya ɗaya ta tsinke. Kasa-kasai kawai nake tarawa ina zagin waɗanda suka fi ni. In an tambaye ni a wurin zama sai in kama kunne in faɗi sunanka, a girmama ni.

Zaren da ka ɗaura mini yana nan a akwati. In ka ce in dawo da shi, zan aiko ta hannun Irshad, kuma ba zan ƙara kiran kaina ɗalibinka ba. Da kaina dai ba zan iya zuwa ba. Ba ni da idon da zan dube ka da shi.

Ina neman gafararka da addu'arka.

Mafi ƙanƙantar ɗalibanka,
Tanwir

*

Lahore, Nuwamba

Tanwir Bhai,

Wa alaikumus salam. Abba ne ke faɗa, ni Nighat nake rubutawa. Ni ban huce ba tukuna, gara ka sani. Ga maganarsa:

Ɗana, wasiƙarka ta farko ta fi ta biyu. A ta farko ba ka da kunya, a ta biyu ka yi mini ƙarya. Rakodar Irshad lafiyarta ƙalau. Numfashina ne ya ƙare, kuma a duk waɗanda na koyar kai kaɗai ka faɗa. Abin da ya yi mini zafi ba carbin ba ne. Ka daɗe ba ka zo ba har muryata ta tsufa ba ka sani ba.

Zare kuwa ba kaset ba ne da ake aikowa ta gidan waya. Ka bar shi a wurinka.

Ba zan rera bana ba. Amma taron malamina ba zai tashi ba tare da an ji muryar gidanmu ba, don haka na ba masu shiryawa sunanka. Sauke tanpurar, ka sa mata tsirkiya. Todi za ka yi. Ka zo da wuri in ga abin da ya saura a maƙogwaronka.

Ranar taro zan zauna a sahun gaba, kusa da kai. Zan saurara a natse, kuma bayan an tashi zan gaya maka abin da na ji, ba zan tsallake ko ɗigo ba.

Ka gaida Rukhsana da yara. Allah ya kawo ka lafiya.

Basharat Khan