Na'urar Ladan Mai Mantuwa

Litinin, 4 ga Maris, 2024
Kai da ka buɗe littafin nan ba da izinina ba, rufe shi ka ajiye tun kafin ka ga sunanka ranka ya ɓaci. Leƙe ba tarbiyyar gidana ba ce.

Ɗana Ladan ya kawo wata na'ura shagona, wai sikana. A haska ta kan baƙaƙen layukan nan na jikin kaya, ta yi ƙara, ta nuna farashi. Ni da na san farashin kowane gwangwanin madara tun yana goye. An gama makaranta, ba aiki, sai latse-latse.

Laraba, 6 ga Maris
Jiya wuni ya yi yana saita ta. Yau da safe ta koma rubutun 'yan Sin, ta daina magana da kwamfutar shago. Mutane tsaye, yana gumi. Hajiya Muniratu maƙwabciya har da cewa, "Maman Ladan, injin naku tun yanzu ya fara azumi?"

Na gaya masa: in abin nan ya sake kunyata ni a cinikin azumi, gonar kawunsa a Garatu tana jiransa. Ban faɗa da wasa ba.

Alhamis, 7 ga Maris
Na'urar ta sake mantawa. Kaya da halin mai shi: a faɗa yau, gobe an manta.

Asabar, 9 ga Maris
Tsado, wanda ya sayar masa, ya zo da takalminsa mai tsini. Ya juya ta, ya tambaya ko akwai mai cire batir. Na ce ni. Kullum in za a rufe shago sai na cire, kamar yadda nake yi wa rediyo da tocila. Abu ba ya kwana yana cin wuta a banza.

Wai duk abin da Ladan ya saita a fatar baki yake zaune mata. Sai an danna wurin adanawa, an jira ta mutu ta tashi da kanta, sannan ya zauna. In ba haka ba, batir na fita komai ya bi shi.

Ladan ya ce, "Mama, da ba ki cire ba..."

Na ce, "Da ka ƙarasa aikinka."

Ya sake saitawa, ya adana. A gabansu na zare batirin, na mayar. Ba ta manta ba. Tsado yana wani murmushi, ban ba shi ko ruwa ba.

Talata, 12 ga Maris
Azumi ya kama, shago ya cika da masu sayen sukari da gero. Na riƙe sikanar da kaina, don dai Ladan ya je sallah. Ba laifi. Ƙarar ma ba ta da muni.

Kawunsa ya kira kan maganar gona. Na ce damina da saura.

Na tara mutanen gida na kafa doka: a gidan nan, wanda ya gyara abu ba ya tashi sai ya gwada gyaran a gabana. Batirin sikana kuwa, ko ni, sai an tambayi Ladan.